Hazo, Tartsatsi da Gawo: Kimiyyar da ke Bakin Ƙofarmu

Mu ɗalibai mun saba ɗaukar kimiyya abin lakca da jarrabawa. Ni dai ina ganin hunturun Kazaure kaɗai ya ishe mu darasi. Ga abubuwa uku.

Na farko, hazo. Ƙurar nan da ke rufe duwatsun Kazaure da Roni daga Disamba zuwa Fabrairu, da yawanta baƙuwa ce. Tana tasowa daga kwarin Bodele a arewacin Chadi, inda dubban shekaru da suka wuce ruwan wani makeken tafki ya kwanta. Da ruwan ya ƙafe, ragowar ƙananan halittun cikinsa suka zama gari. Iska na kwaso shi ta watsa mana, wani kuma ya tsallaka tekun Atlantika har dajin Amazon a Kudancin Amurka, ya kai masa sinadarin fosfaras. Wato abin da ke sa mu tari, taki ne a can.

Na biyu, tartsatsin da bargo ke yi da dare, ko ɗan jan da marikin ƙofa ke yi wa mutum. Ba aljanu ba ne, jama'a! Gogayyar tufa da jiki ke tara caji. Da damina danshin iska na kwashe shi a hankali, amma da hunturu iska ta bushe, sai ya taru ya fice lokaci guda.

Na uku, wanda ya fi damu na, gawo. Sauran itatuwa na yin ganye da damina, shi kuwa lokacin yake zubar da nasa, sai rani ya koma kore shar. Saiwarsa na nutsawa ƙasa sosai ta sha ruwan da gero ba ya kaiwa. Ba ya tare wa shuka rana, ganyensa na zama taki, ƙwayoyin halitta da ke saiwarsa na samar da naitirojin, awaki kuma su ci 'ya'yansa a tsakiyar rani. Shi ya sa geron gindin gawo ya fi na gefe kyau. Tambayi kowane manomi a Gwiwa ko Ɓaɓura.

Maƙwabtanmu na Nijar sun riƙe wannan da gaske. Tun 1983 aka fara yaɗa sassabin zamani a yankin Maraɗi: in an zo sharar gona, a bar tohon kututture ya girma, kada a sare. An ƙiyasta cewa haka aka farfaɗo da kusan hekta miliyan 5 a Maraɗi da Damagaram, kuma gawo na cikin manyan itatuwan da suka dawo.

A nan kuwa gatari da masu gawayi na cinye namu, alhali buhun takin zamani ya gagari talaka. In mun je gida hutu, mu roƙi iyayenmu su bar ko da toho biyar a kowace gona. Ba ya cin ko kwabo.