Shin Ko Kun San? Agogon da Ke Cikin Na'urar Safiyo

Shin ko kun san cewa na'urar nan mai ƙafa uku da safiyo ke girkawa a bakin hanya ko a sabon fegi ba tsawo take aunawa ba, lokaci take aunawa? Haske take harbawa, ya je ya daki abin da aka saita, ya dawo, ita kuma ta lissafa jinkirin. Haske na gudun mita 299,792,458 a daƙiƙa ɗaya in babu iska a hanyarsa. Domin a gane bambancin milimita ɗaya tak, je ka dawo, sai an raba daƙiƙa kashi tiriliyan, a ƙirga wajen kashi 7 daga ciki. Tun 1983 ma da gudun haske duniya take fassara mita kanta.

Shin ko kun san wanda ya ƙirƙiro dabarar ba fili ya fita aunawa ba? Erik Bergstrand, masanin kimiyya ɗan Suwidin, gudun haske yake nema a shekarun 1940, yana gwaji a kan tazarar da aka riga aka san tsawonta. Da ya samu, sai ya juya lissafin: tunda an san gudun, ai a iya neman tazarar. Kamfanin AGA ya fito da na'urarsa, Geodimeter, kasuwa a 1953. Nauyinta ya haura kilo 90, kuma da dare ake aiki da ita, don hasken rana yana shanye na fitilarta. A 1957 Trevor Wadley na Afirka ta Kudu ya kawo Tellurometer mai aiki da igiyar rediyo, dare da rana. Ta yau, wadda ake kira total siteshan, ba ta wuce kilo 5 ko 6 ba.

Ƙanƙancewar ta soma ne daga fitila. A 1968 kamfanin Wild na Suwizalan ya fitar da Distomat DI10, mai 'yar fitilar lantarki da ke ba da hasken da ido ba ya gani, ba ta cin batir kamar kwan fitilar da. A shekarar ce kuma Zeiss na Jamus ya haɗa awon kusurwa da awon nisa a jiki ɗaya, Reg Elta 14, wadda aka auna jifan mashi da ita a gasar Olamfik ta Munik a 1972.

Shin ko kun san yawancin na'urorin wayo suke yi wa lokaci, ba sa binsa da gudu? Maimakon harbi ɗaya, sai a sa hasken yana ƙaruwa yana raguwa, misali sau miliyan 15 a daƙiƙa. Kowane zagaye ɗaya na wannan ƙyaftawa yana cin mita 20 a hanya, wato mita 10 ke nan na tazara tunda zuwa da dawowa ne. Na'urar sai ta gwada wanda ya dawo da wanda ke fita, ta ga da nawa suka saɓa. Matsalar ita ce rara kawai take gani. In tazarar mita 437.215 ce, 7.215 za ta karanta, ba ta san goma nawa suka shige ba. Sai ta rage saurin ƙyaftawar zuwa sau 150,000, ma'aunin ya koma mita 1,000, ta samu kusan 437 a dunƙule, sannan ta haɗa biyun. Duk wannan kafin yaron da ke riƙe da sandar da ake saitawa ya gyara tsayuwa. A ganina nan ne gwanintar take, fiye da allon taɓawa da sauran ƙyale-ƙyalen da 'yan talla ke nunawa.

Shin ko kun san abin da ke kan sandar ba madubi ba ne irin na ɗaki? Madubi na yau da kullum in ya karkace ko kaɗan, haske ya tafi wani wuri. Firizim kuwa dunƙulen gilashi ne da bayansa ke da fuska uku masu haɗuwa kamar lungun ɗaki, inda bango biyu da daɓe suka gamu. Haske ya faɗa ciki, ya daki fuskokin uku, ya koma ta inda ya fito, ko da hannun mai riƙe da sandar yana ɗan rawa. Irinsa guda 100 'yan sama jannatin Apollo 11 suka ajiye a duniyar wata a 1969, har yau ana harba musu leza, da haka aka san wata na ƙara nisa da mu da santimita 3.8 duk shekara.

Amma gilashi yana rage wa haske gudu, sai tazarar ta fito da ɗan ƙari. Shi ya sa kowane firizim yake da lambarsa da ake shigar wa na'ura, an fi ganin -30, wato a cire milimita 30. A ari firizim na wani kamfani a manta da canza lambar, kowane awo na ranar zai fito da kuskure iri ɗaya, kuma na'urar ba za ta ce uffan ba.

Shin ko kun san babban ciwon kan masu ƙera ƙaramar na'ura yana cikinta ne? Da can akwatin awon nisa daban yake, ana ɗora shi bisa madubin hangen. Yanzu ido da hasken da ke fita da wanda ke dawowa duk ta gilashin gaba ɗaya suke bi. Akwai wani ɗan faifan gilashi a ciki da ke tsince launin leza ya karkatar da shi zuwa mai karɓa, ya bar sauran haske ya wuce zuwa idon safiyo. Wuri ya matse, mai harbawa da mai karɓa suna maƙwabtaka, ɗan hasken da ya fantsama daga bayan gilashin kan iya fin wanda ya dawo daga nesa ƙarfi. Sai an yi shinge, an shafe ciki da baƙin fenti marar sheƙi. Ga kuma zafi: kayan lantarki in sun ɗumama saurinsu na canzawa, kuma jinkirin kashi ɗaya cikin biliyan na daƙiƙa kuskuren santimita 15 ne. Maganin da aka samo shi ne gajeriyar hanya a cikin akwatin, wadda aka san tsawonta. Na'urar takan tura hasken ta nan, ta auna kanta, ta cire laifinta daga awon waje. Wasu ma har da ɗan faifai mai duhu-duhu da ƙaramin inji ke juyawa, don rage hasken firizim na kusa kada ya makantar da mai karɓa.

Shin ko kun san zafin rana na gajarta kilomita? Iska mai zafi ba ta da kauri, haske ya fi sauri a cikinta. Kowane digiri ɗaya yana kawo bambancin kusan milimita ɗaya a kilomita. Na'urar da aka bari a kan digiri 15 na masana'anta aka fito da ita a ranar bazara mai digiri 40 a Sakkwato ko Maraɗi, za ta rage wajen milimita 25, kusan inci guda, a kowace kilomita. A fegi mai ƙafa 50 da 100 ba a gani. A hanyar jirgin ƙasa ko madatsar ruwa kuwa magana ce babba. Hazon hunturu shi kuma ba ya sa ta ƙarya, ƙura ce ke watsa hasken har ta kasa kaiwa nesa.

Ƙaramar na'urar awon nisa ta hannu da magina ke auna ɗaki da ita, Leica ce ta fara fitar da ita a 1993 da sunan DISTO. Ita da manyan masu aiki ba firizim, bango ko dutse kawai suke daka, abin da ya dawo kaɗan ne ƙwarai. Farin bango ya fi baƙar kwalta amsawa, jiƙaƙƙen wuri mai sheƙi kuma yakan watsar da hasken gefe. Ɗigon jan nan yana faɗaɗa in ya yi nisa, in aka saita shi a gefen ginshiƙi rabinsa ya sauka a kai rabi ya wuce zuwa katangar baya, lambar da za ta fito ba ta ginshiƙin ba ce, ba kuma ta katangar ba.