FILIN JIRGIN SAMA NA KANO: ZANGON JIRAGEN YAƘI A ZAMANIN HITILA

Mutanen Damagaram da Maraɗi sun san Kano. Wasu fatauci ke kai su, wasu karatu, wasu cin rani. Daga Damagaram zuwa Kano kusan kilomita 240 ne. A arewacin birnin akwai babban filin jirgin sama, inda mahajjata ke tashi zuwa Makka. Mutane da yawa ba su san cewa yaƙi ne ya girmar da wannan fili ba. Ga yadda abin ya faru.

Jirage na farko

A watan Nuwamba na shekarar 1925 jirage uku na sojojin Ingila suka sauka Kano. Daga ƙasar Masar suka fito. A lokacin babu filin jirgi, sai suka sauka a filin sukuwa. A shekarar 1936 aka soma zirga-zirga sosai. Jirgi yakan zo daga Hartum, babban birnin Sudan, ɗauke da wasiƙu da mutane ƙalilan.

Yaƙi ya toshe hanya

A shekarar 1939 yaƙin duniya na biyu ya ɓarke. Shi ne tsofaffi ke ce ma yaƙin Hitila. A watan Yuni na 1940 Jamus ta ci Faransa, Italiya kuma ta shiga yaƙin tana bayan Jamus. A lokacin Libiya tana hannun Italiya, sojojin Ingila kuwa suna Masar. Suna bukatar jiragen yaƙi da gaggawa, amma abokan gaba sun tare hanyar tekun Bahar Rum. In jirgin ruwa ya ce zai kewaye Afirka duka, sai ya yi watanni bai isa ba.

Sai Turawan Ingila suka yi dabara. Suka riƙa kwance jiragen sama, su zuba cikin manyan akwatunan katako, jirgin ruwa ya kai su Takoradi, a bakin teku, cikin ƙasar da ake ce ma Gana yanzu. A can ake sake harhaɗa su, sannan su ratsa Afirka ta sama har Masar. Ayarin farko ya tashi a watan Satumba na 1940.

Zango bayan zango

Tafiyar kusan kilomita 6000 ce, takan ci kamar kwana 6. Ƙaramin jirgin yaƙi ba ya ɗaukar mai da yawa, dole ya riƙa sauka yana sha. Daga Takoradi sai Ikko, daga Ikko sai Kano. Daga nan sai Maiduguri, sai Fort Lamy wadda ake kira Njamena tun 1973, sai Janaina da Fashir a ƙasar Darfur, sai Hartum. Daga Hartum su bi kogin Nilu har Masar.

Tafiyar tasu irin ta fatake ce. Babban jirgi guda mai inji biyu shi ne madugu, don a cikinsa mai sanin hanya yake. Ƙananan jirage kamar shida suna bin bayansa. Akan shafa masu farin fenti a baya, don in ɗaya ya faɗi a daji a hange shi daga sama. Hazo yakan rufe masu hanya lokacin hunturu, rairayi kuma yana lalata inji. Wasu matuƙan ba su kai ƙarshen tafiyar ba.

Kano ta zama babban zango saboda jirgin ƙasa yana zuwa can daga Ikko, shi ke kawo mai da kayan gyara. Aka ƙara wa filin girma, aka gina rumbuna da masaukin sojoji. Daga 1941 Amurkawa ma suka shigo aikin da nasu jirage.

Ina Nijar take a lokacin?

Nijar tana hannun Faransa, amma Faransawa sun rabu biyu. Masu mulkin Nijar suna bin gwamnatin Marshal Petain, wadda ta ajiye makamai gaban Jamus. Gwamnan Cadi kuwa, Félix Éboué, ya bi Janar De Gaulle tun watan Agusta na 1940, ya ce a ci gaba da yaƙi. Shi ya sa jiragen Ingila suka samu sauka a Cadi, amma ba su ratsa Nijar ba. Aka rufe iyaka tsakanin Nijar da Nijeriya, ƴan uwa suka daina zuwa wurin juna a fili, tufafi suka yi wuya. Sai a watan Nuwamba na 1942 masu mulkin Nijar suka koma bayan abokan Ingila.

Jamusawa sun san amfanin wannan hanya. A watan Janairu na 1942 jirginsu guda ya ratso hamada daga Libiya, ya jefa bom a filin Fort Lamy, ya ƙone mai mai yawa. Duk da haka hanyar ba ta tsaya ba. Zuwa 1943 jirage fiye da 5000 sun bi ta. A watan Mayu na wannan shekara aka fitar da sojojin Jamus da na Italiya daga Afirka ta Arewa.

Bayan yaƙi

Yaƙi ya ƙare a 1945, filin ya koma aikin farar hula. Jiragen Turai masu ratsa hamada suka riƙa tsayawa Kano shan mai. Daga baya aka sa wa filin sunan Malam Aminu Kano, wanda ya rasu a 1983.

Hanyar da jiragen yaƙi suka bi ba sabuwa ba ce. Ita ce hanyar gabas ta mahajjatan dā: Kano, Barno, Cadi, Darfur, har bakin Bahar Maliya. Suna tafiya a ƙasa ko bisa jakai, su yi shekaru. Wasu suka zauna Sudan, jikokinsu na can har gobe. Yau alhaji yakan tashi daga Kano da safe, ya yi sallar magariba a ƙasa mai tsarki.