*GWIWA DA ƘWAURI A WASAN ZAMIYAR ƘANƘARA: RIGAKAFI DA JINYA*



Kwanakin baya wata baiwar Allah ta zo wurina neman man habbatus sauda, za ta aika wa ɗanta da ke karatu a Turkiyya. Wai sun je hutu dutsen Uludag kusa da birnin Bursa, ya hau wasan zamiyar ƙanƙara ya faɗi, ya ji ƙara "ƙas" a gwiwa, kafin Magariba ta kumbura suntum. Na ce mata, "Hajiya, mai zan ba ki, amma yau ɗin nan ki kira shi ya je asibiti." Da aka duba, ashe jijiyar cikin gwiwa ce ta tsinke. Da an tsaya shafe-shafe, da yaron nan ya daɗe yana ɗingishi.

Kada ku ce wannan wasan Turawa ne, ina ruwanmu. 'Ya'yanmu na karatu a Turkiyya da Rasha da Turai, masu zuwa Dubai da iyali kuma sun san Ski Dubai da aka buɗe a 2005 cikin Mall of the Emirates. Yaro in ya ga abokai sun hau, shi ma sai ya hau.

*Me ya sa gwiwa ta fi shan wuya?*

Mai wasan yana ɗaure doguwar faranti a kowace ƙafa, da takalmi mai tauri da ke riƙe idon sawu gam. In ya faɗi farantin ya juya, idon sawu ba ya lanƙwasa, sai murɗawar ta haura sama ta sauka a gwiwa. Shi ya sa kusan ɗaya cikin uku na raunukan wannan wasa a gwiwa suke. Jijiyoyi biyu sun fi tsinkewa: ta gefen gwiwa daga ciki, da wadda ke can tsakiya tana hana ƙwauri zamewa gaba. Wani kuma ƙwaurin ne ke karyewa daidai bakin takalmi. Ko gwanaye ba su tsira ba. Lindsey Vonn ta Amurka ta tsinka jijiyoyin nan biyu a gasar duniya a Ostiriya a 2013, har ta rasa gasar Olamfik ta Sochi a 2014.

*Rigakafi ya fi magani*

1. A fara shirya ƙafa kamar sati 6 kafin tafiya: hawa matakala, tsugunawa da miƙewa, tsayuwa a ƙafa ɗaya. Naman cinya shi ne mai gadin gwiwa.
2. Maɗaurin da ke haɗa takalmi da faranti an yi shi ne ya saki ƙafa in an faɗi. Masu ba da haya suna saita shi da nauyin mutum, tsawonsa, shekarunsa da gwanintarsa. Ku ja kunnen yaranku su faɗi gaskiya. Wanda ya ce shi gwani ne don kada a raina shi, za a matse masa maɗauri, ya ƙi saki ranar da ake bukata. Kuma kada a ari kayan aboki.
3. Sabon shiga ya ɗauki mai koyarwa, ya tsaya a gangara mai sauƙi, ya sa hular kwano.
4. In za a faɗi, a faɗi ta gefe, hannaye a gaba, gwiwa a ɗan lanƙwashe. Kada a yi yunƙurin tashi alhali jiki bai gama zamewa ba, nan ne jijiyar tsakiya ke yawan tsinkewa.
5. Da gajiya ta zo a sauka. "Bari in ƙara ɗaya" ta kwantar da mutane da yawa.

*In tsautsayi ya auku*

Kada a matsa wa mutum ya taka. A kira masu ceto na wurin, lambar gaggawa a Turkiyya da ƙasashen Tarayyar Turai ita ce 112. Kwana 2 zuwa 3 na farko a huta, a naɗe ƙanƙara a tsumma a ɗora minti 15 zuwa 20 duk bayan awa 2 ko 3, a ɗaure da bandeji ba matsewa, a ɗaga ƙafar kan matashi.

Ga inda muke kuskure a gidajenmu: da an ce targaɗe, sai ruwan zafi, sai man zafi, sai a kira mai ja. A sabon rauni zafi da murza kumburi suke ƙarawa, in kuma akwai tsagewar ƙashi, ja zai iya raba shi biyu. Hoton ƙashi tukuna. Shi ma hoton ƙashi ba ya nuna jijiya, sai na'urar MRI.

A koma asibiti da gudu, ko tsakar dare ne, in an ga ɗayan waɗannan: yatsu sun yi sanyi, sun sauya launi ko sun daina ji, ciwo na ƙaruwa ƙarƙashin ɗauri duk da magani, sha-raɓa ta kumbura tana zafi, numfashi na yankewa. Ɗaurin da ya matse yana kashe ƙafa, kuma mun sha ganin wanda aka yanke wa ƙafa a dalilin ɗori mai tsanani. Ƙafar da ke cikin siminti kuma jini kan daskare a cikinta, don haka kada a hau jirgi a dawo gida sai likita ya yarda.

*Jinya sai da haƙuri*

Jijiyar gefe takan haɗe da kanta cikin kamar sati 6 da abin tallafin gwiwa. Ta tsakiya in ta tsinke gaba ɗaya ba ta cika haɗewa ba, matashi mai son komawa wasa galibi sai tiyata, sannan wata 9 zuwa shekara kafin ya koma. Karayar ƙwauri wata 3 zuwa 6. Motsa jikin da likitan gashin ƙashi ya tsara shi ne rabin maganin, a bi shi kullum ko da ciwo ya tafi.

A abinci a yawaita nono, ƙwai, kifi, wake, riɗi da zogale, a riƙa shan hantsi, a bar taba domin tana jinkirta haɗewar ƙashi. Man zaitun ko man kaɗanya da ɗan habbatus sauda yana da amfani wajen tausa mai laushi a cinya da sassauta fata, amma bayan kumburi ya sauka, an cire siminti, rauni ya rufe. Mai ba ya ɗinke jijiya, ni mai sayar da shi nake gaya muku.

Batun ibada kuwa, addini ya sauƙaƙa. Wanda aka naɗe wa ƙafa zai shafa a kan ɗaurin yayin alwala, wanda ba ya iya lanƙwasa gwiwa ya yi sallah a zaune gwargwadon iko. Kada ya tilasta sujada ya warware aikin likita.

Mai ɗa a ƙasar sanyi ya tura masa wannan kafin hutun hunturu, ya kuma tambaye shi ko inshorar lafiyarsa ta haɗa da wannan wasa. Allah Ya tsare mana zuri'a, Ya ba marasa lafiyarmu lafiya. Wassalamu alaikum.