Daga gwanjon Amurka zuwa Goronyo: Inda kuɗin mai sayo mota daga waje ke tafiya

Idan rani ya yi nisa, aka cire albasa da tafarnuwa a fadamun Wurno da Goronyo, 'yan kasuwar Rabah suka gama kai hatsi da dabbobi kasuwa, akwai hirar da ke dawowa majalisa kusan kowace shekara: hirar mota.

Wani ya gaji da biyan kuɗin haya duk ranar kasuwa. Wani so yake ya saya wa ƙanensa Golf ko Sharon ya riƙa jigila tsakanin Sakkwato da Achida da Goronyo. Wani kuma burinsa ƙaramar motar kaya da za ta riƙa ɗauko buhuna daga bakin gona.

A da sai an yi tattaki kafin a ga mota. Yanzu kasuwar ta shigo aljihu. Dillali zai turo hoto ta WhatsApp, mota tana ƙyalli a wani fili a Amurka, an rubuta dala 3,000 a ƙasanta. Mai waya ya buga lissafi, ya ga kuɗin albasarsa sun kai.

Sai dai wannan farashin shi ne biya na farko kawai. Kafin motar ta taka titin Goronyo akwai hannuwa da dama da za su karɓi rabonsu, kuma wanda bai san su ba tun farko, a hanya jarinsa zai ƙare.

Hanyar da aka saba ta toshe

Ba banza ba ake kiran tsohuwar motar waje "Beljiyam". Shekaru da dama unguwar Heyvaert da ke birnin Brussels ta kasance matattarar tsofaffin motocin Turai, ana loda su a jirgin ruwa daga tashar Antwerp zuwa Afirka ta Yamma. Da yawansu a Kwatano suke sauka, inda kuɗin fito ya fi na Legas sauƙi.

Ga mutumin gabashin Sakkwato, hanyar a bayyane take. Daga Kwatano a haura Parakou, a tsallaka gadar da ta haɗa Malanville da Gaya, a bi Dosso zuwa Birnin Ƙonni, a shigo ta Illela. Wasu kuma ta Kamba a Jihar Kebbi suke ɓullowa. Mai saye kan je da kansa ko ya tura ɗan'uwa, ya buɗe inji, ya ji ƙararsa, sannan ya biya.

A watan Disamban 2016 gwamnatin tarayya ta sanar da haramta shigo da motoci, sabbi da tsofaffi, ta iyakokin ƙasa, dokar ta fara aiki ranar 1 ga Janairun 2017. A Agustan 2019 aka rufe iyakokin baki ɗaya. Da aka buɗe guda huɗu a Disamban 2020, ciki har da ta Illela, haramcin motocin bai ɗagu ba.

Juyin mulkin Nijar na ranar 26 ga Yulin 2023 ya ƙara dagula hanyar. ECOWAS ta ƙaƙaba takunkumi, aka sake rufe iyaka. Ko bayan an janye takunkumin a Fabrairun 2024, Najeriya ta buɗe nata ɓangaren a watan Maris, hukumomin Nijar sun ci gaba da rufe gadar Gaya da ke tsakaninsu da Benin.

Ma'anar wannan duka ita ce, hanyar da ta fi kusa da Wurno ita ce wadda doka ta hana. Motar da 'yan fito suka ratso da ita ta daji da dare tana iya yin araha, amma a idon hukuma kayan fasa-ƙwauri ce, komai tsawon shekarun da ta yi a hannun mai ita.

Hanyar da doka ta bari

Hanyar halal ta tashar jiragen ruwa ce, kuma akasarin motocin a Legas suke sauka, musamman tashar Tin Can da ma'ajiyar PTML.

Yawancin motocin Amurka da ake tallatawa a waya daga gwanjon intanet suke fitowa, irin na kamfanonin Copart da IAA. Wanda ya ci gwanjo ba farashin da ya taya kaɗai zai biya ba. Kamfanin gwanjo na da kuɗinsa. Dillalin da ya yi tayin da rajistarsa na da la'adarsa. Akwai kuɗin janyo motar daga filin gwanjo zuwa bakin ruwa, wanda ke ƙaruwa gwargwadon nisan jihar da tashoshi irin su Baltimore ko Savannah ko Houston. Idan aka yi jinkirin ɗauke ta daga filin, kuɗin ajiya na hawa kullum.

Sai kuɗin jirgi. Ko dai a tuƙa motar ta shiga cikin jirgin da ƙafarta, ko a cusa ta a kwantena tare da wasu. Tafiyar kan ci makonni, wani lokaci ta haura wata biyu idan aka haɗa da jiran jirgi. Duk waɗannan da dala ake biyan su, kuma ga mota mai araha jimillarsu kan yi kusa da kuɗin motar kanta.

A Legas sai ejan mai lasisi ya shiga tsakani, domin shi ke shigar da bayanan motar a tsarin kwastam. Kamfanin jirgi da masu ma'ajiya su ma suna da nasu kuɗin, kuma duk kwanan da motar ta ƙara bayan wa'adin kyauta, tara ce.

Bayan an fito da ita, saura tafiyar da ta haura kilomita 1,000 zuwa Sakkwato: ko a ɗora ta a tirela, ko a ɗauki direba a zuba mai. Babbar hanyar Sakkwato zuwa Badagry da aka ƙaddamar da aikinta a Oktoban 2024, wadda za ta taso daga Illela, za ta iya rage wahalar idan ta kammala. Kafin nan, tsohuwar hanya ce da ramukanta da shingayenta.

Lissafin da hoto ba ya nunawa

Abu biyu ne suka fi sauya lissafin a 'yan shekarun nan.

Na farko canji. Kafin watan Yunin 2023 dala ɗaya tana kusan naira 460 a farashin hukuma. A farkon 2024 ta kai naira 1,500 har ta wuce. Motar dala 3,000 da ke naira miliyan 1.38 a tsohon canji ta koma miliyan 4.5, ba tare da an ƙara mata ko ƙusa ba. Kwastam ma da canjin ranar da aka shigar da takardu suke lissafi, ba na ranar da aka sayi motar ba. Idan naira ta faɗi motar tana kan ruwa, mai ita ne zai cike giɓin.

Na biyu yadda ake ƙiyasta darajar motar. Tun 2022 hukumar kwastam ta koma amfani da lambar shasi, wato VIN, mai haruffa da lambobi 17. Da an shigar da ita, na'ura ke fitar da ƙirar motar da shekararta da darajar da za a ɗora haraji a kai. Don haka cewa "ai da araha na same ta a gwanjo" ba ya rage komai kai tsaye.

A tsarin da aka fara aiki da shi a Afrilun 2022, an ɗora wa tsohuwar motar shiga kuɗin fito kashi 20 cikin 100, da wani harajin bunƙasa masana'antar motoci kashi 15. Sai harajin VAT kashi 7.5, da wasu ƙananan kuɗaɗe. A ɗauka kwastam sun yi wa mota darajar naira miliyan 6. Kuɗin fito miliyan 1.2 ke nan, harajin na biyu dubu 900, VAT kuma ya haura dubu 600. An tashi sama da miliyan 2.7, ba a biya ejan ba, ba a biya ma'ajiya ba, motar ba ta bar Legas ba.

Waɗannan ƙididdiga gwamnati kan sauya su, shi ya sa mai hankali ke neman ejan ya ba shi ƙiyasi a rubuce da lambar shasin motar tun kafin a taya ta. Haka kuma doka ta ƙayyade tsufan motar da za a shigo da ita: a da shekara 15 ne, daga baya aka rage zuwa 12. Irin tsofaffin Golf ɗin da direbobin yankin suka fi sabawa da su sun daɗe da wuce wannan iyaka.

Cinikin biri a sama

Ko lissafi ya yi daidai, akwai tambayar da hoto ba ya amsawa: me ya kai motar gwanjo?

Kaso mai yawa na motocin da ke filayen Copart da IAA kamfanonin inshora ne suka kawo su, bayan sun yanke cewa gyaransu ya fi ƙarfin darajarsu. Wata bugun gefe ne kawai, mai bugun mota zai miƙar da ita ta yi shekaru tana aiki. Wata kuma shasinta ya karkace, ba za ta ƙara tsayawa daidai a titi ba, taya za ta yi ta ci.

Mafi haɗari ita ce wadda ruwa ya ci. Bayan guguwar Harvey da ta afka wa Houston a 2017, da guguwar Ian a Florida a 2022, dubban motocin da ambaliya ta shanye sun shiga gwanjo. Irin wannan mota jikinta sumul, kujerunta tsaf, amma wayoyinta da ƙwaƙwalwarta suna ruɓewa a hankali. Sai bayan watanni ta fara mutuwa a tsakiyar hanya ba dalili.

Akwai kuma na sata. A watan Satumban 2024 hukumar EFCC ta miƙa wa 'yan sandan Kanada motoci 53 da aka sato daga can aka gano su a Najeriya. Wanda aka samu irin wannan mota a hannunsa, ko da kuɗinsa ya saya, rasa ta zai yi.

Maganin dai lambar shasin nan ce. Da ita ake sayen rahoton tarihin mota a shafuka irin su Carfax, a ga hatsarin da ta yi, da ko ruwa ya taɓa cin ta, da nisan da ta yi. Sau da yawa idan aka rubuta lambar a Google, hotunan motar na ranar gwanjo kan fito, kafin a yi mata kwaskwarima. Dillalin da ya ƙi bayar da lambar, ya riga ya ba da amsa.

A kuma lura, agogon motar Amurka da mil yake ƙirga. Mil 150,000 ya haura kilomita 240,000. Motar da ta fito daga Ingila ko Japan kuwa sitiyarinta a dama yake, alhali Najeriya ta koma tuƙi a hannun dama na titi tun Afrilun 1972, kuma doka ba ta yarda da mota mai sitiyari a dama ba.

Motar da ta dace da ƙasar

Motar da aka ƙera don titunan Florida ba lallai ta jure hanyar ƙauye ba. Da an sauka daga kwalta, rairayi ne da rani, taɓo da damina, ga nauyin buhuna da ba a ƙera ta dominsa ba. Mota mai ƙasa-ƙasa za ta bar bambarta a hanyar fadama tun makon farko.

Tambayar da ta fi ta launi da shekara muhimmanci ita ce: akwai bakaniken da ya san ta a Achida ko Goronyo? Ana samun kayan gyaranta a Sakkwato, ko sai an aika Kano ko Legas? Dalilin da ya sa Toyota da tsofaffin Volkswagen suka cika tashoshin yankin ke nan. Sannan tun da aka cire tallafin mai ranar 29 ga Mayun 2023, babban inji ya zama nauyi na kullum.

A wannan yanki kuma, lalacewar mota a hanya ba ɓata lokaci ba ne kawai. Mutanen Goronyo ba su manta da harin da 'yan bindiga suka kai kasuwarsu a Oktoban 2021 ba, inda aka kashe gomman mutane, kuma hanyar da ta wuce zuwa Sabon Birni da Isa ta sha fama da tare matafiya. Motar da ke mutuwa bayan la'asar a tsakanin ƙauyuka ba araha ba ce.

Takarda rabin mota ce

Shingayen kwastam na rundunar Sakkwato da Zamfara, da na rundunar sintiri ta shiyya ta biyu mai hedikwata a Kaduna, ba hoton mota suke tambaya ba. Takardar biyan kuɗin fito suke nema, kuma suna duba ko lambar da ke jikinta ta dace da abin da ke cikin na'urarsu. Takardar bogi, ko ta wata motar, ko wadda aka biya rabin kuɗi, duk sakamakonsu ɗaya: a ajiye motar.

A watan Maris na 2024 hukumar ta ba masu motocin da ba a biya musu fito daidai ba wa'adin kwana 90 su je su gyara. Irin wannan dama ba kullum take zuwa ba.

Don haka ko a Sakkwato ko Kano mutum zai sayi motar da wani ya riga ya shigo da ita, hanyar da sau da yawa ta fi sauƙi ga mai mota ɗaya, ya kai lambar takardar ofishin kwastam a tabbatar masa kafin ya miƙa kuɗi. Idan kuwa saƙo zai bayar a sayo masa daga waje, a rubuta yarjejeniya gaban shaidu: wace mota, wace lamba, nawa ne jimilla har ƙofar gida, wa zai ɗauki asara idan canji ya tashi. A biya kashi-kashi ta banki, kowane biya bayan an ga takardarsa, ta gwanjo, ta jirgi, ta kwastam. Kasancewar dillali ɗan gari ne ko suruki ba ya hana rubutu. Rubutun ne ma ke tsare zumuncin.

Manomin da ya yi watanni yana ban ruwa a fadamar Rima ba ya sayen irin albasa sai ya san gonar da ya fito. Motar da za ta cinye ribar rani biyu ko uku ta cancanci a yi mata wannan tambayar.