Matasan Magarya da Dungas: abin da ya kamata ku sani game da kukansu

A gundumomin Magarya da Dungas, a kudancin jahar Damagaram, yara da matasa sun fi manya yawa nesa ba kusa ba. Duk da haka, sau da yawa wasu ne ke magana a madadinsu: jami'in gwamnati, ma'aikacin ƙungiyar agaji, ɗan siyasa mai neman ƙuri'a. Wanda ya zauna a fadar shayi da dare, ko ya saurari waƙoƙin da samari ke turawa juna a WhatsApp, zai ji abubuwa uku suna ta maimaituwa, wato rashin adalci, makaranta, da neman wurin da za a ji muryarsu. Ukun nan a ɗaure suke da juna, kuma ba a fahimtar ɗaya sai an dubi sauran.

Wane irin yanki ne wannan?

Garin Magarya yana kimanin kilomita 90 kudu da birnin Damagaram, dab da iyakar Najeriya. Dungas a da tana ƙarƙashin Magarya, sai a 2011 ta zama gunduma mai cin gashin kanta. Ƙidayar 2012 ta samu mutum fiye da dubu 570 a gundumar Magarya da fiye da dubu 350 a ta Dungas, kuma tun daga lokacin jama'a ƙaruwa take yi. A Nijar baki ɗaya, kusan rabin 'yan ƙasa ba su kai shekara 15 ba.

Ƙasar noma ce. Ana shuka hatsi, dawa, wake, gyaɗa da riɗi, ana noman rake da kayan lambu a fadamun Korama, wajen Bande da Washa. Manoman Magarya, Matamaye da Mirya sun yi suna har a wajen Nijar saboda miliyoyin itatuwan gawo da suka raina a gonakinsu. Sai dai gona ba ta ƙaruwa, magada ne ke ƙaruwa. Gonar da kaka ya ciyar da gida guda da ita, yau an raba ta tsakanin jikoki da yawa, kowa da ɗan yankin da ba ya kai shi ƙarshen rani. Shi ya sa da an gama girbi samari ke kama hanyar ci-rani zuwa Kano, Legas, Agadas, Libiya ko Aljeriya.

Iyaka kuwa ita ce rabin rayuwa. Naira na yawo a kasuwanni kamar sefa, dabbobi na gangarawa kasuwar Maigatari, samari da yawa na cin abinci da kabu-kabu ko sayar da man fetur na ruwa-ruwa. Da Najeriya ta rufe iyakarta daga Agustan 2019 zuwa Disamban 2020, da kuma rufewar da ta biyo bayan juyin mulkin Yulin 2023, matasan nan ne suka fara ji a jikinsu, alhali ba wanda ya nemi shawararsu.

Me suke nufi idan suka ce babu adalci?

Ba maganar kotu kaɗai suke yi ba. Abu na farko shi ne rabon dama. 'Yan boko a Nijar suna da wata taƙaitacciyar kalma, PAC, da ke nufin dangi, abokai da sanayya. A fada kuwa ana faɗinta kai tsaye: wa ka sani ya fi me ka sani. Saurayin da ya wahala ya samu takardar shaidar BEPC ko BAC, ya dawo gida yana jiran aiki shekara da shekaru, ya ga ɗan wani ya shige gabansa, ba ya buƙatar a yi masa bayanin zalunci. Ƙannensa ma suna kallo, suna yanke wa kansu hukunci a kan amfanin boko.

Na biyu shi ne tazarar da ke tsakanin arzikin da ake gani da halin da ake ciki. Matatar mai ta SORAZ, wadda aka buɗe a 2011, a jahar Damagaram take. A jahar ce kuma asibitin yara na Magarya, inda ƙungiyar likitoci ta MSF ke aiki tun yunwar 2005, ke cika maƙil duk damina da yara masu tamowa da zazzaɓin cizon sauro. A 2018 ƙungiyar ta sanar cewa cikin wata guda yara kusan 10 ke rasuwa kowace rana a wurin. Matashin da ya binne ƙaninsa a irin wannan shekara yana da hujjar tambaya ina rabon yankinsa yake.

Na uku shi ne mutunci. A Oktoban 2013, mutum 92, mafi yawansu mata da yara daga Kantche mai maƙwabtaka, sun mutu da ƙishirwa a hamada kan hanyar Aljeriya. A Maris na 2022 aka kwaso ɗaruruwan mabarata 'yan Nijar daga Dakar, aka ce akasarinsu daga Kantche da Magarya suke. Wannan labari ya yi wa matasa da yawa ciwo ta fuska biyu: sunan garinsu ya fita duniya da bara, sannan aka fi zargin uwayen da suka tafi fiye da tambayar abin da ya kore su daga gida.

A ina makaranta ke zubar da yara?

Dokar ilimi ta 1998 ta ɗora wa gwamnati nauyin ilimantar da kowane yaro. An gina makarantu da yawa tun daga lokacin, shiga ajin farko ya ƙaru sosai. Matsalar tana wurin zama da kuma abin da ake koya.

A ƙauyuka da yawa aji rumfar kara ce. Ba a kafa ta sai an yi girbi an samu kara, da ruwan farko ya sauka kuma an tashi. Ke nan yaron ƙauye yana asarar makonni a farkon shekara da ƙarshenta, sannan a ba shi jarrabawa ɗaya da ɗan birni. Rumfar tana da haɗari ma: gobara ta kashe yara kimanin 20 a wata makaranta a Yamai a Afrilun 2021, ta kashe fiye da 20 a Maraɗi a Nuwamban shekarar.

Sai malami. Tun ƙarshen shekarun 1990 Nijar ta dogara da malaman kwantaragi, masu ƙaramin albashi da ke yawan makara, abin da ke jawo yajin aiki. A 2017 gwamnati ta yi wa dubban waɗannan malamai gwaji, kimanin kashi ɗaya cikin uku ne kawai suka samu matsakaicin maki. Bai kamata a ɗora laifin a kan malamin shi kaɗai ba, domin shi ma wannan makarantar ce ta haife shi, aka tura shi ƙauye ba isasshen horo, ba wurin kwana.

Inda aka fi rasa yara shi ne tsallakawa zuwa kwaleji. Kwalejin, wato CEG, galibi tana babban gari, yaro kuwa daga ƙauye mai nisa. Dole a nema masa gidan da zai sauka, a riƙa aika masa hatsi. Wanda ba shi da dangi a gari, ko iyayensa ba su da abin aikawa, nan karatunsa ke tsayawa ko da shi ne na ɗaya a aji. Wannan ne ma'anar cewa rashin adalci a bakin ƙofar makaranta yake farawa.

'Yan mata fa?

Nauyinsu ya fi. Binciken lafiya da jama'a na 2012 ya nuna cewa kashi 76 cikin 100 na matan Nijar an aurar da su kafin shekara 18, kuma jahohin Maraɗi da Damagaram sun haura wannan adadi. Uba da yawa ba ƙin ilimi yake yi ba. Yana tsoron tura budurwa gidan wani a gari ba mai sa ido, yana kuma ganin waɗanda suka yi karatun suna zaune. Uwa kuwa tana dogara da tallar 'yarta wajen haɗa kayan ɗaki. A Disamban 2017 gwamnati ta fitar da doka ta kare yarinya mai karatu, daga baya aka fara gina makarantun kwana na 'yan mata, ciki har da ta Kelle a jahar Damagaram. Hanya ce mai kyau, domin tana amsa ainihin tsoron iyaye. Amma ɗakin kwana ɗaya ko biyu ba za su ishi yankin da tun a 2012 yake da mutum kusan miliyan ba.

Ina matsayin allo da harshen gida?

Dubban yara a Magarya da Dungas almajirai ne, wasu a gida, wasu a Kano, Jigawa ko Katsina. Wanda ya sauke Alƙur'ani, yana karatu yana rubutu da ajami, ba jahili ba ne. Amma ranar ɗaukar aiki ba shi da takardar da hukuma ta sani. Matasan tsangaya suna ƙirga wannan cikin rashin adalci, kuma suna da gaskiya.

Haka batun harshe. Yaro ya tashi da Hausa ko Fulatanci, ya shiga aji a fara masa da Faransanci, ya yi shekaru yana haddar abin da bai gane ba. Abin lura shi ne a Damagaram aka fara gwajin koyarwa da Hausa tun 1973. A Maris na 2025 kundin da hukumomin soja suka ƙaddamar ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa, Faransanci da Ingilishi suka zama harsunan aiki. Abin da zai nuna ko wannan ya isa ƙauye shi ne littattafai da malamai masu horo.

Me ya kawo waƙa da wasa cikin maganar?

A al'adarmu yaro ba ya tsayawa gaban babba ya ce masa ka yi kuskure. Amma al'adar da kanta ta bar ƙofa. A tashe na watan azumi yara na kwaikwayon malami, attajiri da mai gida, kowa ya yi dariya ya kuma gane saƙon. A wasan kara na Damagaram matasa na shigar shugaban ƙasa, gwamna da sarki, masu riƙe da muƙaman na zaune suna kallo. Waƙar niƙa da ta gaɗa sun daɗe suna ɗauke da kukan mata a kan kishiya da auren dole.

Zamanin mulkin Seyni Kountché an yi amfani da wannan ƙarfi ta hanyar ƙungiyoyin samariya da bikin matasa na ƙasa, inda kowace jaha ke kawo wasanta da waƙarta. Wasannin kwaikwayon Hausa na su Yazi Dogo a rediyo da talabijin sun tsokani cin hanci da almubazzaranci a lokacin da jarida ba ta iya faɗa. André Salifou, wanda jami'ar Damagaram ke ɗauke da sunansa, masanin tarihi ne kuma marubucin wasan kwaikwayo, ya rubuta wasa a kan Sarkin Damagaram Tanimun. Mamman Barka malamin makaranta ne kafin kiɗansa ya zagaya duniya. A 2021 Aïcha Macky ta fitar da fim mai suna Zinder, ta shiga unguwar Kara-Kara ta bar 'yan fale, wato gungun samarin unguwa, suka ba da labarinsu da bakinsu, mutane suka ga rashin makaranta da rashin aiki a bayan abin da ake kira daba. Duk waɗannan suna nuna cewa a wannan jaha ilimi da fasaha sun daɗe suna tafiya tare.

Yau waya ta sauƙaƙa abin. Saurayi na iya ɗaukar waƙa ko ɗan gajeren wasa ya watsa a TikTok, finafinan Kano da waƙoƙinsu kuwa sun zama makarantarsa. Amma yana fuskantar shinge uku. Iyaye da yawa na ganin waƙa roƙo ce, sana'ar da ba ta dace da ɗan gidan mutunci ba. Wasu malamai na ƙyamar kiɗa, ko da yake su ma sun san ƙarfin waƙar wa'azi da ta bege. Sannan babu kuɗi a harkar sai wurin ɗan siyasa ko ƙungiyar da ke son a rera mata saƙonta. Mawaƙin da cikinsa ke hannun mai biya, da wuya ya faɗi abin da ke zuciyarsa.

Me za a iya yi?

Akwai abin da sai gwamnati: azuzuwan bulo a maimakon rumfa, albashin malami a kan lokaci, kwaleji kusa da ƙauyuka, ɗakunan kwana da abinci, takardar shaida ga mai ilimin allo tare da koya masa lissafi da sana'a, da ɗaukar aiki ta jarrabawar da kowa zai ga sakamakonta a fili.

Akwai kuma abin da ke hannun jama'a. Iyaye su shiga kwamitin makaranta da ake kira COGES, su san ranar da malami ya zo da ranar da bai zo ba. A yi wa kowane jariri takardar haihuwa, don rashinta na hana yaro zama jarrabawa. Mazauna gari masu hali su karɓi ɗalibi ɗaya daga ƙauye su riƙe shi kamar nasu. 'Yan kasuwar yankin da Allah ya buɗa wa a Kano ko Yamai su tuna da makarantar garinsu. Hukumomin gari da sarakuna su buɗe gidajen matasa, su shirya gasar wasan kwaikwayo da rubutacciyar waƙa tsakanin makarantun boko da na allo, gidajen rediyon karkara su ba matasa fili su yi magana da kansu.

Mafi muhimmanci, idan yaro ya yi waƙa ko wasa ya taɓa wani babba, kada amsar ta zama kira zuwa ofis ko barazana. A tambayi ko abin da ya faɗa gaskiya ne, in gaskiya ne a gyara. Waɗannan matasa su ne za su riƙe gonaki, kasuwanni, makarantu da masallatan Magarya da Dungas nan da shekara 20, kuma irin riƙon da aka yi musu yau shi za su san yi wa na bayansu.