Jirgin Fari: Yadda Sabon Shiga Zai Zaɓi Kwale-kwale a Kogin Kaduna

Duk wanda ya tsaya a bakin kogi wajen Kabala ko Gamji da sanyin safiya zai ga masunta tsaye a cikin siraran kwale-kwale kamar a tsakar gida suke. Wannan ne kan ruɗi saurayin da ya tara ɗan jarinsa, ya nemi jirgi irin na gwani tun bai iya riƙe filafili ba. Alhali jirgin da ya dace da gwani shi ne kan kifar da sabon shiga.

Kogin Kaduna ya taso daga tsaunukan Jos, ya yi tafiyar kimanin kilomita 550 kafin ya faɗa Kwara daura da Pategi. Da rani yakan janye har duwatsu su fito, amma a Agusta da Satumba yakan cika ya yi ƙarfi, kamar yadda ambaliyar 2003 ta nuna wa mutanen gari. Saboda haka jirgin da ya yi daidai a Maris yana iya zama ajali a Satumba.

Abu na farko shi ne cikin jirgi. Tun ƙarni na uku kafin haihuwar Annabi Isa, masanin Girka Arkimidis ya gano cewa ruwa yakan ɗaga abu da ƙarfi daidai nauyin ruwan da abin ya ture. Lita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya ce. Idan jirgi yana iya ture lita 600 kafin ruwa ya kai bakinsa, shi kansa kuma kilo 100 ne, ya ɗauki mutum biyu masu kilo 140, to lita 240 kawai zai ture, fiye da rabin cikinsa na sama da ruwa. Wannan rarar ita ce ke hana igiyar ruwa shiga. Kowane buhu da aka ƙara, daga cikinta yake ci.

Na biyu shi ne faɗi. Idan jirgi ya karkata, gefen da ya nutse yakan ture ƙarin ruwa, ruwan kuma ya mayar da shi daidai. Lissafi ya nuna cewa in aka ninka faɗi biyu, tsawo bai canza ba, wannan ƙarfi da surar jirgi ke bayarwa yakan ninku kusan takwas. Siriri ya fi gudu, amma mai faɗi da shimfiɗaɗɗen gindi ya fi yafe kuskure. Masu hawan igiyar teku a kan allo, irin na Tarkwa Bay a Legas, da wannan ƙa'ida suke aiki: mai koyo yakan fara da dogon allo mai faɗi da kauri, na soso, mai tsawon ƙafa 8 zuwa 9, sai ya goge sannan ya koma kan gajere. Haka nan zama a ƙasan jirgi ya fi tsayuwa, domin gwargwadon yadda nauyi ya yi ƙasa, gwargwadon wuyar kifewa.

Na uku shi ne itace. Rimi ba shi da nauyi, ga sauƙin sassaƙa, amma ƙwayoyin jikinsa manya ne masu siraran bango, shi ya sa yake saurin shan ruwa da ruɓewa. Maɗaci ya fi shi nauyi da ƙarko. Sassaƙa jirgi daga gungume guda tsohuwar sana'a ce a ƙasar nan: kwale-kwalen da wani makiyayi ya gano a Dufuna ta Jihar Yobe a 1987 ya kai shekara 8,000, tsawonsa kuma ya haura mita 8. Mai saye ya ƙwanƙwasa jikin jirgi, ya soka tsinin wuƙa a gindinsa. Inda ya yi taushi, naman gwari ya riga ya cinye ƙarfin itacen. In na katako ne, a duba mahaɗai da ƙusoshi, sannan a saka shi a ruwa da kaya a ga ko yana yoyo kafin a biya kuɗi.

Sakaci da waɗannan ƙa'idoji ya sha jawo asarar rayuka. A Nuwamba 2021 jirgi ya kife a dam ɗin Watari da ke Bagwai ta Jihar Kano da ɗaliban Islamiyya, a Yunin 2023 kuma mutum fiye da 100 suka rasu a yankin Pategi suna dawowa daga biki. A duka biyun an ɗora wa jirgin abin da ya fi ƙarfinsa.

Don haka wajibi ne mai koyo ya fara iya iyo, ya sa rigar kariya, ya ajiye ƙwaryar kwarfe ruwa kusa da ƙafarsa, ya kuma fara fita da rani tare da tsohon masunci wanda ya san inda duwatsu suke kwance. Siririn jirgi yana nan yana jiransa. Sannu ba ta hana zuwa, in ji Hausawa, sai dai a daɗe ba a je ba.