Ciwon Zuciyar Masu Jego: Abin Da Binciken Farfesa Karaye Ya Koya Mana

Duk wanda ya tashi a ƙauyukan Yankwashi, ko na Roni da Gwiwa da Babura, ya san wannan labari ko da bai san sunan cutar ba. Mace ta sauka lafiya, an yi suna, 'yan barka sun watse. Bayan 'yan makonni sai ƙafafunta su fara kumbura, numfashi ya riƙa yi mata wuya, har ta kai ba ta iya barci sai a jingine. Tana kukan cewa ƙirjinta na dukan uku-uku ko da ba ta motsa ba. Wasu su ce sanyi ne ya shige ta don ba ta gasu da kyau ba, wasu su ce iska ce. Wata Allah Ya ba ta lafiya, wata kuwa ana cikin hira da ita sai ta yanke jiki ta faɗi, kafin a nemo motar zuwa Kazaure rai ya yi halinsa.

A wajen likitoci, wannan rauni ne da ke kama tsokar zuciya a ƙarshen goyon ciki ko a watannin farko bayan haihuwa, kuma Arewacin Nijeriya na cikin wuraren da ya fi ƙamari a duniya. A Kano akwai likitan zuciya, Farfesa Kamilu Musa Karaye na Jami'ar Bayero da Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, wanda ya shafe shekaru yana bin diddigin ciwon. To amma kafin mai karatu ya ga darajar aikin nasa, sai ya fara sanin abin da ke sa zuciya bugawa.

Zuciyar baligi tana bugawa sau 60 zuwa 100 a minti guda, wato kimanin sau 100,000 a kwana ɗaya. Kowane bugu yana farawa ne da ɗan saƙon lantarki da zuciyar ke ƙirƙira da kanta. Saƙon yana buɗe wasu ƙananan kafofi a jikin ƙwayoyin tsoka, sai sinadarin kalsiyam kaɗan ya shiga. Wannan ɗan kaɗan ɗin shi ke buɗe ƙofar wani rumbu da ke cikin ƙwayar, wadda masana ke kira ƙofar rayanodin, sai kalsiyam mai yawa ya kwararo, tsoka ta matse, jini ya fita. Nan take kuma a kwashe shi a mayar rumbu, tsoka ta saki, zuciya ta sake cika da jini. Idan ƙofar ta lalace har rumbu ya riƙa yoyo a tsakanin bugu da bugu, sai ƙwayar ta tayar da saƙon lantarkin da ba a bukata, bugun ya rikice. Idan rikicewar ta yi tsanani jini ba ya isa ƙwaƙwalwa, mutum ya faɗi cikin daƙiƙu kaɗan.

Wannan ilimi ba a dare ɗaya aka same shi ba. A 1883 wani likita a Landan, Sydney Ringer, ya lura cewa zuciyar kwaɗo da aka cire tana ci gaba da bugawa a ruwan gishirin da aka haɗa da ruwan famfo, amma ba ta jimawa idan da tataccen ruwa aka haɗa shi. Da ya bincika sai ya tarar kalsiyam ɗin da ke cikin ruwan famfon ne sirrin. A 2001 Farfesa Silvia Priori da abokan aikinta a Pavia ta ƙasar Italiya suka nuna cewa tangarɗa a ƙwayar gadon da ke gina ƙofar rayanodin ita ke sa wasu yara faɗuwa matattu a lokacin gudu ko firgita, alhali zuciyarsu lafiya lau take a ido. Haka kuma bincike ya tabbatar da cewa a zuciyar da ta raunana rumbun ba ya cika kuma yana yoyo. Ke nan ana iya samun kasawar harba jini da rikicewar bugu a zuciya guda, abubuwa biyun da muka gani a jikin mai jegon nan.

Labarin namu na gida a Zariya ya faro. Farfesa Eldryd Parry, wanda ya koyar a Jami'ar Ahmadu Bello daga 1969 zuwa 1977, shi da Dakta Neil Davidson sun bi mata 224 masu wannan ciwo, suka buga sakamakon a 1978. An ƙiyasta cewa yana kama kusan mace 1 cikin 100 da suka haihu a yankin. Zarginsu ya faɗa kan al'adun jego: wankan tafasasshen ruwa safe da yamma, kwanciya a gadon ƙasa da aka hura wa wuta, da shan kunun kanwa, wadda ke maƙare da sodiyam mai tara ruwa a jiki. Wannan bayani ya shiga littattafan koyar da likitoci, aka yi shekaru ana maimaita shi. A 2007 kuma Farfesa Simeon Isezuo da abokin aikinsa suka samu adadi makamancin haka a Sakkwato, 1 cikin 102.

A nan ne aikin Farfesa Karaye ya shigo. Maimakon ya karɓi abin da ya gada a littafi ya yi shiru, sai ya koma ya sake tambaya. Ya kwatanta masu jegon da suka kamu da waɗanda ba su kamu ba a Kano, ya tarar duka ɓangarorin biyu suna wanka suna shan kunun kanwa, don haka al'adar ba ta isa ta bambanta su ba. Abin da ya bayyana a sakamakon da ya buga a 2015 shi ne ƙarancin sinadarin seleniyam a jinin mafi yawan marasa lafiyar, musamman mazauna karkara, abin da likitoci a Yamai suka fara hangowa tun 1992. Ya kuma nuna cewa na'urar ECG, mai zana bugun zuciya a takarda, za ta iya taimakawa wajen zaƙulo matan da ya kamata a tura ɗaukar hoton zuciya. A kan wannan ciwo ya yi digirinsa na uku a Jami'ar Umeå ta ƙasar Suwidin a 2016.

Daga 2017 ya jagoranci wani babban aiki mai suna PEACE, wanda ya tattara bayanan mata 406 daga asibitoci 22 a faɗin ƙasar nan. Sakamakon da aka buga a 2020 ya nuna cewa a wani asibiti da ke Arewa maso Yamma, yankin da Jigawa take, ciwon ya kai ga kama mace 1 cikin 96 da suka haihu. Abubuwan da suka fi alaƙa da shi sun haɗa da rama, rashin zuwa makaranta, rashin sana'a, da hawan jinin masu ciki. Cikin waɗanda aka ci gaba da bibiya na kimanin shekara ɗaya da rabi, kusan ɗaya cikin biyar ta rasu, kuma haɗarin ya fi yawa ga 'yan ƙasa da shekara 20 da waɗanda zuciyarsu ke gudu fiye da ƙima. Waɗanda suka lizimci shan magungunan da ke rage gudun zuciya kuwa sun fi tsira. A shekarar dai, wani ɗan ƙaramin gwaji da ya yi na ba marasa lafiya seleniyam tsawon wata uku ya nuna sassaucin alamomin ciwon, kodayake sai an yi gwaji mai faɗi kafin a mayar da shi ƙa'ida.

Kada wani ya ɗauka cewa an wanke kanwa ke nan. Gishiri mai yawa illa ne ga zuciyar da ta riga ta raunana, kowane iri ne kuwa. Abin da binciken ya nuna shi ne, mun daɗe muna ɗora wa kaka da ungozoma laifin da mafi yawansa na talauci ne da yunwa da rashin awon ciki. Zargin al'ada ba ya cin ko kwabo a kasafin kuɗi. Ciyar da mai ciki da sanya yarinya a makaranta su ke da tsada.

Akwai abin da za a iya yi tun yanzu. Duk mai jegon da ta kawo jariri riga-kafi a asibitin sha-ka-tafi, a ƙidaya bugun hannunta, a auna jininta, a duba ƙafarta. Wannan ba ya bukatar komai sai agogo da abin awo. Ya kamata gwamnatin Jigawa ta tabbatar da cewa manyan asibitocin Kazaure da Babura suna da ECG mai aiki da wanda ya iya karanta shi, tare da hanyar tura maras lafiya Kano ko Dutse ba tare da ɓata lokaci ba. Jihar da ta ɓullo da shirin Haihuwa Lafiya don kai masu naƙuda asibiti, ba za ta kasa bin lafiyarsu bayan suna ba. Su kuma magidanta su guji sayo maganin kumburi a kemis. Ƙwayar da ke sa yawan fitsari tana zubar da fotasiyam, shi kuma digoxin ta hanyar ƙara kalsiyam a ƙwayoyin zuciya yake aiki. Idan aka haɗa su ba da awon likita ba, suna iya jawo rikicewar bugun da ake gudu. Haka nan shan ƙwayar kalsiyam ba ya gyara lalatacciyar ƙofa.

Daga ƙarshe, kira ne ga jami'o'inmu da asusun TETFund da masu hannu da shuni. Farfesa Karaye da abokan aikinsa sun ƙidaya mana matan, sun nuna waɗanda suka fi shiga haɗari. Mataki na gaba shi ne a shiga ɗakin gwaji a ga abin da ke faruwa da kalsiyam a zuciyar matanmu, kuma wannan aiki ne na shekaru, mai bukatar kayan aiki da tallafin da ba ya yankewa. Hausawa sun ce mai haƙuri yakan dafa dutse ya sha romonsa. Daga kwaɗon Ringer zuwa binciken Priori shekara 118 ne, kuma da a ce an janye wa masu aikin tallafi a tsakiya, da har yau ba a san dalilin faɗuwar waɗancan yara ba. Allah Ya ba masu jegonmu lafiya, Ya jiƙan waɗanda suka riga mu gidan gaskiya.